Zuwa da kai ya fi aike: yadda za ka rubuta furojet ɗinka ba tare da ka saya ba

Da zarar an shiga zango na biyu na ajin ƙarshe, sai ka ga takardu sun fara bayyana a jikin bangon shagunan buga takardu da ke bakin makaranta, saƙonni kuma suna yawo a zaurukan WhatsApp na 'yan aji: ana rubuta furojet daga babi na ɗaya zuwa na biyar, kowane fanni, cikin sati biyu. Ɗalibai da yawa suna biya, kuma ban yarda cewa lalaci ne ke kai yawancinsu ba. Tsoro ne. Yaro ya shekara huɗu yana haddace abin da malami ya ba shi yana mayarwa a jarrabawa, rana tsaka a ce ya kawo kundi mai shafi hamsin daga kansa, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa ta inda ake farawa.

Na sha zama a ɗakin da ɗalibai ke kare aikinsu, kuma wanda ya sayi nasa ba ya ɓoyuwa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tambaya ɗaya ce ke kayar da shi: me ya sa ka ɗauki wannan adadin mutane, a ina ka same su? Sai ya hau buɗe shafuka yana neman amsar da ba ta cikin kansa. Mai shagon kuwa ba sabon aiki ya yi masa ba, tsohon kundi ya ɗauko ya sauya sunan gari da shekara, ya sayar wa mutum uku a makarantu uku. Abin kuma ba ya tsufa. A Jamus, ministan tsaro Karl-Theodor zu Guttenberg ya sauka daga muƙaminsa a 2011 bayan Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirinsa na uku saboda satar fasaha. Ministar ilimin ƙasar, Annette Schavan, ta bi sahu a 2013 a kan kundin da ta rubuta tun 1980. Ostireliya ta haramta sana'ar rubuta wa ɗalibai aiki a 2020, Ingila ta yi haka a 2022. Mu kuma tun muna allo muka san hadisin da ke cewa wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu.

To ga yadda ake yi. Zan yi magana da "kai", amma 'yar'uwa, har da ke nake.

Mataki na farko: ga abin da ake so da idonka

Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, je ofishin sashenku ka karɓi takardar ƙa'idar rubuta furojet. Ita za ta gaya maka salon kawo madogara da ake bi, girman rubutu, tazarar layi da yawan shafuka. Daga nan ka shiga ɗakin karatu na sashe ka ɗauko tsofaffin kundaye uku na 'yan shekarun nan, musamman waɗanda malaminka ya duba. Ba kwafa za ka yi ba, ƙirar ginin za ka kalla: me aka sa a kowane babi, shafi nawa ya ci, yaya aka tsara jadawali. Wuni guda ya isa, kuma rabin tsoron a nan zai tafi, don za ka ga cewa waɗanda suka rubuta su ba su fi ka kai ba.

Sannan ka yi wannan lissafin. Shafi guda mai tazarar layi biyu yana ɗaukar kalmomi kimanin 250. Kundi mai shafi 50 ke nan kalmomi 12,500. In kana rubuta 300 a rana, kwana 42 za ka gama. Kalmomi 300 ba su kai abin da wasunmu ke rubutawa a Facebook kafin azahar ba.

Mataki na biyu: zaɓen take

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace, don haka zan daɗe a kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko take mai faɗin duniya, wai don ya yi kwarjini. "Tasirin cire tallafin man fetur ga tattalin arzikin Najeriya" take ne da ko babban bankin ƙasa sai ya tara ma'aikata kafin ya taɓa shi. Ɗalibin da ya ɗauke shi ba shi da mafita sai kwafe-kwafe, daga nan kuma sai shagon masu sayarwa.

Ka matse shi ta fuska uku: wuri, mutane, lokaci. An sanar da cire tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, cikin 'yan kwanaki litar mai ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 ko fiye. Wa abin ya fara taɓawa a inda kake? In a Kano kake, ga 'yan adaidaita sahu. Sai taken ya koma: yadda cire tallafin mai ya shafi kuɗin shigar 'yan adaidaita sahu a ƙaramar hukumar Tarauni, 2023 zuwa 2024. Yanzu ka san inda za ka je, ka san wanda za ka tambaya, kuma babu wani mai shago da ke da wannan a ajiye, domin ba a taɓa yin sa ba sai kai.

Ka auna kowane take da tambayoyi uku. Zan iya kaiwa ga mutanen ko takardun da kuɗin motar da ke aljihuna? Akwai aƙalla rubuce-rubuce goma da suka kusanci batun? Zan iya bayyana wa mahaifiyata abin da nake bincike a kai da Hausa cikin jimla biyu? In na ukun ya gagara, kai ma ba ka gane shi ba tukuna. Ka shirya take uku irin wannan, kowanne da sakin layi guda na bayani, ka kai wa malami ya zaɓa.

Mataki na uku: zama da malamin da ke duba aikinka

Malamin nan wataƙila ɗalibai ashirin ke hannunsa, ban da darasi da makin jarrabawa. Ba zai neme ka ba. Ka tambaye shi ranar da yake ganin ɗalibai, ka riƙe ranar kamar ranar kasuwa. Kada ka shiga hannu rabbana kana cewa "Malam, na rasa yadda zan yi." Shiga da shafi biyu da ka rubuta, ko da cike suke da kuskure, ka ce: "Malam, ga abin da na gwada, a nan na maƙale." Duk gyaran da ya yi da jan biro ka adana takardar, ka dawo da ita tare da sabuwar. Tarin takardun nan su ne shaidarka idan wata rana aka yi shakkar cewa kai ka yi aikin.

Mataki na huɗu: karatu da littafin ajiya

Sayi littafin rubutu mai kauri, ka keɓe shi ga furojet kaɗai. Duk abin da ka karanta, ka ba shi shafi guda. A sama ka rubuta cikakken sunan marubuci, shekara, take, mujalla ko maɗaba'a, da lambar shafi. A ƙasa ka amsa abu huɗu da kalmominka: me ya bincika, a ina, ta wace hanya, me ya gano. Sai layi na ƙarshe: me bai taɓo ba? Kada ka ce sai daga baya za ka nemo shekara da shafi. Na ga ɗalibai suna hawaye a satin ƙarshe suna neman wata maƙala da suka karanta wata huɗu baya, ba su san ko sunan mai ita ba.

Ina za a samu abin karantawa? Fara da Google Scholar, wato shafin Google na neman maƙalun ilimi, ba Google na yau da kullum ba. In ka samu maƙala guda mai kyau, duba manazartarta, za ta kai ka ga wasu biyar. African Journals Online, wato AJOL, ya tara ɗaruruwan mujallun Afirka, har da na jami'o'inmu, kuma da yawa kyauta ne. Ka tambayi ma'aikacin ɗakin karatu ko makarantarku tana da rajista da JSTOR, rumbun maƙalun ilimi na intanet, ko makamancinsa, ɗalibai da yawa suna gama digiri ba su san an biya musu wannan ba. In alƙaluma kake so, akwai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da rahotannin Babban Bankin Najeriya, da ƙidayar 2006. Masu tarihi, Hausa da addini kuwa, ba intanet ce babbar rijiyarku ba: ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, ga cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ga Gidan Mambayya a Kano ga mai binciken siyasar NEPU da PRP. Ga kuma dattawan unguwa, waɗanda ke ɗauke da abin da ba a rubuta ba.

In kana da kwamfuta, saka manhajar Zotero. Kyauta ce, tana ajiye bayanan duk abin da ka karanta, ta kuma jera maka manazarta a salon da ka zaɓa. Amma littafin nan na hannu kada ka yar da shi, shi ba ruwansa da ɗauke wuta.

Mataki na biyar: babi na ɗaya

Kada ka fara da shimfiɗa. Fara da tambayoyin bincike, guda uku sun wadatar. A misalinmu: nawa direba ke samu a rana kafin cire tallafin, nawa yake samu bayansa? Wace dabara direbobi suka ɓullo da ita don su jure? Yaya abin ya shafi balas ɗin da suke kai wa masu mashin? Kowace tambaya ka juya ta ta zama manufa guda. Wannan zaren shi ke ɗinke kundin gaba ɗaya: tambaya uku a babi na ɗaya, amsa uku a babi na huɗu, shawara uku a babi na biyar. Idan ka samu wannan, sauran sassan, wato shimfiɗa, dalilin bincike, muhimmancinsa da farfajiyarsa, za su zo da sauƙi.

Mataki na shida: bitar ayyukan da suka gabata

Babi na biyu shi ne inda mai niyyar kirki ma ke afkawa satar fasaha ba da saninsa ba. Dabarar ita ce: karanta sakin layin, rufe littafin, faɗi abin da ka fahimta da baki, in ta kama da Hausa, sannan ka rubuta shi da Turancinka. Buɗe ka duba ko ka karkatar da ma'ana. Sai ka sa madogara. Sauya kalma biyu ko uku a jimlar wani ba ya mayar da ita taka. Ko da kalmominka ka rubuta, muddin tunanin na wani ne, sai ka ambace shi. In kuwa lafazinsa ka ɗauko daidai, sa alamar zance da lambar shafi. A salon APA, wanda yawancin sassan ilimi da na zamantakewa ke bi, sunan marubuci da shekara ake sawa cikin baka biyu, kamar haka: (Yamane, 1967). Bugu na bakwai na littafin ƙa'idar APA ya fito a 2019, ka tambaya ko shi sashenku ke bi.

Kada ka jera marubutan kamar masu layin mai: wane ya ce, wane ya ce, wane ya ce. Tara su bisa batu. Waɗanda suka yarda da juna ka haɗa su wuri guda, wanda ya saɓa ka nuna inda ya saɓa, ka faɗi dalilin da kake gani. Daga nan ka koma ga layin ƙarshe na kowane shafi a littafinka, inda ka rubuta abin da ba su taɓo ba. Shi ne hujjar ci gaba da bincikenka. Kuma kada ka ambaci littafin da ba ka gani da idonka ba.

Wasu makarantun suna bi da kundi ta Turnitin ko makamancinta don a ga yawan kamanceceniya da abin da aka riga aka wallafa. Kowace makaranta da iyakar da ta sa, ka tambayi taku. Wanda ya bi hanyar da na faɗa ba shi da abin fargaba a nan.

Mataki na bakwai: babi na uku da fita fili

Babi na uku labari ne na abin da ka yi: wa ka tambaya, mutum nawa, yaya ka zaɓe su, da me ka tattara bayanai, yaya ka tantance su. Yawan mutanen da ke yankin bincikenka ka nemo shi daga tushe, a misalinmu daga ƙungiyar direbobin ko hukumar KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a Kano, kada ka ƙaga. In ka samu adadin, ga lissafin Yamane na fitar da yawan mutanen da za ka tambaya, wanda ɗalibai ke kwafa ba su san ma'anarsa ba. A ce direbobin 1,000 ne, kuma ka amince da kuskuren kashi 5 cikin ɗari, wato 0.05. Ninka 0.05 da kanta, ka samu 0.0025. Ninka da 1,000, ka samu 2.5. Ƙara 1, ya zama 3.5. Raba 1,000 da 3.5, ka samu 286. Shi ke nan. Ka yi shi da hannunka sau ɗaya, ba mai ruɗa ka da shi ranar kare aiki. In 286 ya fi ƙarfin aljihunka, gaya wa malami a rage farfajiyar, ko a koma hira mai zurfi da mutum 15 ko 20.

Takardar tambayoyi ta zama gajera, kowace tambaya tana hidima ga ɗaya daga manufofin nan uku. Fassara ta zuwa Hausa in mutanenka ba sa karanta Turanci, ka gwada ta a kan mutum goma tukuna. A nan za ka gano cewa in ka ce wa direba "nawa kake samu a wata" zai yi maka dariya, domin shi lissafinsa na rana ne: na mai, na balas, na cefane. Karɓi takardar gabatarwa daga sashe, fara da shugaban tasha, ka je lokacin da aiki ya lafa ba da sassafe ba. Faɗa musu kai ɗalibi ne, ba daga hukumar haraji kake ba, kuma ba za ka rubuta sunan kowa ba. In za ka naɗi murya, nemi izini.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka zauna a ɗaki ka cike takardun da kanka. Wannan da sayen furojet uwarsu ɗaya. In ka raba 286 aka dawo da 240, rubuta 240. Mai jarrabawa ya fi yarda da wannan a kan wanda ya ce duka sun dawo cif.

Mataki na takwas: babi na huɗu da na biyar

A nan ma ake tatsar ɗalibai, wai sai an biya mai SPSS, wato manhajar tantance alƙaluma. Yawancin furojet na digirin farko adadi da kaso cikin ɗari da matsakaici kawai suke buƙata, kuma Excel na yin su. Ba kowace takarda lamba, kowane mutum layi guda, kowace tambaya ginshiƙi guda. In aikinka na buƙatar gwajin hasashe, nemi ɗan ajin da ya iya ko malamin ƙididdiga ya koya maka kana zaune, hannunka a kan kwamfutar. Ƙarƙashin kowane jadawali kada ka maimaita lambobin da mai karatu ke gani, faɗi abin da suke nufi, ka haɗa shi da abin da ka karanta a babi na biyu: ya yi daidai da na wane, ya saɓa wa na wane, me ya sa. In sakamakon ya saɓa wa abin da ka zata, bar shi yadda ya zo.

Babi na biyar gajere ne: taƙaitawa, kammalawa, shawarwari. Kowace shawara ta fito daga abin da ka gano, ta kuma nufi wani takamaimai. "Gwamnati ta taimaka wa talakawa" ba shawarar bincike ba ce. Tsakure, godiya, sadaukarwa da ƙumshiya sai a ƙarshe.

Taimakon da ya halatta

Ba a ce kada kowa ya taimake ka ba. Ka rubuta da hannu ka kai a buga maka, ba laifi, amma ka zauna ka karanta abin da aka buga, don masu bugu suna tsallake layi. Aboki ya karanta ya nuna maka inda bai gane ba, wannan alheri ne. Ku haɗu ku uku ko huɗu duk sati kowa ya karanta shafinsa. Iyakar ita ce: tunani da jimloli su zama naka.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT kuwa, ka fara tambayar abin da sashenku ya yarda da shi. Suna da amfani wajen bayyana maka abin da ya shige maka duhu, amma in suka rubuta maka babi, aikin saye ne ko da ba ka biya ba. Suna kuma ƙaga sunayen marubuta da maƙalun da babu su a duniya, su jera su tsaf kamar gaske. Malami ya nemi guda ya rasa, sauran aikin duka ya shiga zargi.

Duk daren da ka yi rubutu, tura wa kanka kwafi ta imel ko ka ɗora a Google Drive, da kwanan wata a sunan fayil ɗin. Filash yana ɓata, yana kuma kwaso cuta a shagunan bugu.

In lokaci ya ƙure maka, ko ka riga ka ba da kuɗi, ba a makara ba. Kuɗin ka ɗauka sun tafi, kada ka miƙa abin da aka ba ka. Je wurin malami ka ce aiki ya sha kanka, a rage tambayoyin su koma biyu, a matse farfajiyar. Kundi mai shafi 35 da ka san kowane layinsa zai fitar da kai.

Mataki na ƙarshe: ranar kare aiki

Kwana uku kafin ranar, karanta kundin daga bango zuwa bango da murya, kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Bi kowane suna da ke cikin rubutu ka tabbatar yana cikin manazarta, haka kuma na manazarta yana cikin rubutu. Shirya bayanin minti biyar a kan takarda guda: matsalar, tambayoyin, hanyar, abin da ka gano, shawarar. Tsaya gaban abokanka ka faɗe shi, su yi maka tambayoyin da aka saba: me ya sa wannan take, me ya sa wannan adadi, me ka gano da ba a sani ba, me za ka sauya in za ka sake. Ka tafi da littafinka na ajiya da takardun tambayoyin da aka cike a jaka. In aka tambaye ka abin da bincikenka bai taɓo ba, ka ce: "Malam, aikina bai kai nan ba, amma ga abin da na gani a fili," ka faɗa. Duk gyaran da aka ba ka ka rubuta shi nan take, ka yi shi a satin, malami ya sa hannu, sannan ka kai a yi bangon ƙarshe. Ka buga kwafi guda fiye da wanda sashe ya nema, ka kai wa shugaban tashar da ya ba ka izinin yin hira da mutanensa.